Wace Siga Ce a Gabanka?

Yayata ta fara aikin sakatariya tun ana buga takarda da tafireta, ta yi ritaya a gaban kwamfuta. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ita ce babba ni ne ƙarami, kuma har na yi furfura Auta take kirana, ko da a gaban abokan aikina ne a ofishin ajiye fayiloli. Mijinta ya rasu da wuri, Allah bai ba su haihuwa ba. Da ta bar aiki sai ta dawo gidana, muka ba ta ɗakin da tagarsa ke kallon titi. A ɗakin akwai gado, da kujerar ofis da aka ba ta kyauta ranar bankwana, da teburi mai gajeriyar ƙafa ɗaya wanda sai an cusa masa kwali yake tsayawa daidai. A kan teburin nan tsohuwar kwamfutarta take zaune. In an kunna ta sai ta yi ta gurnani kafin ta yarda ta buɗe ido.

Ofishin da ta yi wa aiki na wata ƙungiyar direbobin manyan motoci ne. Suna da manhajar da suke ajiye sunayen mambobi a ciki, da lambobin motoci, da ranar da takardun kowa za su ƙare. Irin wannan manhaja ce ƙananan makarantu da ɗakunan shan magani da shaguna suke amfani da ita. Masu ita sukan fitar da sabuwar siga lokaci bayan lokaci, amma ƙananan ofisoshi ba sa saurin canzawa, domin sabuwar siga sabuwar kwamfuta take so. Yaya ta fara da siga ta biyu, ta daɗe ƙwarai a kan ta huɗu, ta san ta biyar da ta shida daidai gwargwado. Lokacin da abin da zan faɗa ya faru, ta bakwai ce ake yayi.

Masu amfani da manhajar suna da dandali a intanet inda suke tambayar junansu. Tsarinsa ba wuya. In kana da matsala sai ka rubuta tambayarka, ka liƙa mata alama a ƙasa, kamar ɗan farin kwalin da muke liƙawa a bayan fayil. Wata alamar takan faɗi abin da tambayar ta shafa, wata kuma takan faɗi siga: ta huɗu, ta biyar, ta bakwai. Wanda ya sani ya ba ka amsa. Amsar da ta yi amfani a danna mata kibiyar sama ta hau, mai ita ya samu maki. Wadda ba ta yi ba a danna mata ta ƙasa ta nutse. Babu mai biyan kowa. Masu kula da wurin ma 'yan sa kai ne.

Sunan Yaya a can Tafireta, amma kowa Mama yake ce mata. Tun tana aiki take amsa tambayoyi a lokacin hutun rana. Da ta yi ritaya kuwa sai dandalin ya zama ofishinta. Ta yi wanka, ta sa kaya kamar mai fita, ta zauna a kujerar nan, ta gyara tabarau. Tana da ɗabi'a ɗaya da aka san ta da ita: ba ta amsa wa mutum sai ta san sigarsa. In ya zo da kukansa bai sa alama ba, sai ta rubuta masa, “Sannu da haƙuri. Wace siga ce a gabanka?” In ya faɗa, ta liƙa masa alamar da kanta, sannan ta yi bayani daki-daki.

Har gida maganar ta bi ta. Wata rana matata ta leƙo ta ce, “Yaya, fankar ɗakinmu ta ƙi juyawa.”

Na ce, “Wace siga ce a gabanki?”

Matata ta yi dariya har da riƙe ƙofa. Yaya ta dube mu ta saman tabarau ta ce, “Ku yi ta yi. Ranar da likita ya rubuta muku maganin jarirai don bai tambayi shekarunku ba, za ku neme ni.”

“Ai mu tsohuwar siga ce, Yaya.”

“Kai dai, Auta, ko ta gwaji ba ka kai ba.”

A cikin amsoshinta akwai wadda ta fi kowace hawa sama. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, wani lokaci babban fayil ɗin da ke ɗauke da duk bayanan ofis yakan ƙi buɗewa. Yaya ta gano maganin abin a siga ta huɗu. Akwai wani ƙaramin fayil da ke zaune kusa da babban. In ka goge shi, manhajar za ta sake ƙirƙirarsa da kanta, babban ya buɗe lafiya lau. Mutane da yawa sun yi ta sa mata albarka a ƙarƙashin amsar nan. Amma a siga ta bakwai an canza gini. Ƙaramin fayil ɗin ya zama shi ne mabuɗin babban. In ka goge shi, ka rufe ɗaki ka jefa makulli a rijiya. Abin da kawai yake raba mai siga ta bakwai da wannan amsar shi ne 'yar alamar da ke ƙasan tambayar, mai cewa ta huɗu.

Babban mai kula da dandalin wani saurayi ne da ake kira Mai Tsintsiya, saboda kullum yana cikin share tambayoyin da aka maimaita. Shi ya buɗe muhawara a kan ko alamomin siga suna da amfani. Na dawo daga aiki na tarar da Yaya ta matsa fuskarta dab da kwamfutar, ta ce in zauna in ji. Ta karanta mini hujjojinsa. Ya ce yawancin tambayoyi ba ruwansu da siga: yadda ake gyara sunan da aka rubuta ba daidai ba ɗaya ne tun daga ta biyu har ta bakwai. Ya ce alamomin sun raba dandalin gida-gida, tambaya ɗaya a yi ta a ƙarƙashin kowace siga, mai amsa ya yi ta maimaita kansa. Ya ce da yawan masu tambaya ba su ma san sigarsu ba, wadda idonsu ya fara faɗawa a kai ita suke liƙawa, alamar ta zama ƙarya. Shawararsa ita ce a narkar da alamomin siga duka su zama alama ɗaya, sunan manhajar kawai.

Na ce, “To ke me kika gani?”

Ta ce, “Yaron bai yi ƙarya ba. Ni kaina na amsa maganar firinta har na gaji da jin muryata.” Sannan ta ce, “Amma bai taɓa zama a ofishin da ba a canza kwamfuta ba tun yana makaranta.”

Ta rubuta nata ra'ayin, gajere. Ta ce a bar alamar a kan tambayoyin da suka shafi gogewa, da gyaran fayil, da kwashe bayanai, ko da za a cire ta daga sauran. Wasu suka goyi bayanta. Wani ya ce wa zai zauna ya tace dubban tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Wani kuma ya rubuta, cikin raha, cewa Mama tana so a mayar da dandalin gidan tarihi. Aka kaɗa ƙuri'a, masu son narkarwa suka yi rinjaye nesa ba kusa ba. Da safe aka danna abin da za a danna, alamomin suka tafi.

A lokacin nan idon Yaya ya riga ya fara ja da baya. Ciwon suga ne, ya daɗe tare da ita. A makon da aka yi ƙuri'ar na raka ta wurin likitan ido. Ya haska mata fitila, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce abin da ya rage na gani a yi tattalinsa, domin ba zai ƙaru ba. A hanyar dawowa muka iso kwanar gidanmu, inda mai gyaran takalmi yake zama. A nan ta ce, “Auta, in ban rubuta sigar a jikin amsoshin nan yanzu ba, babu mai rubutawa.”

Abin da ta yanke shi ne ta shiga kowace amsa tata ta ƙara layi ɗaya a sama: wannan amsar ta siga kaza ce. Ta fara da ta ƙaramin fayil, ta rubuta da manyan haruffa cewa ta huɗu ce kaɗai, mai ta bakwai kada ya taɓa. Da a nan ta tsaya ta huta, da ba a yi abin da aka yi ba. Amma tana tseren ido ne. Ta ƙara girman rubutun kwamfutar har kalma uku ta cika layi, ta zauna tun safe, abinci ma a kan teburin matata take ajiye mata ya huce. Ƙarshen mako guda ta yi a haka, ta gyara amsoshi masu ɗimbin yawa.

Akwai abin da ta manta, ita da ta fi kowa sanin dandalin. Duk tambayar da aka taɓa amsarta, komai tsufanta, takan taso ta hau shafin farko kamar sabuwa. Kafin mutane su dawo aiki, shafin farko ya cika maƙil da tambayoyin shekarun baya, duka da sunan Tafireta a gefe. Waɗanda suka zo da matsalar ranar suka nutse a ƙasa babu mai ganinsu. Ƙorafi ya yi yawa. Wasu suka ce Mama ta ji haushin ƙuri'a ne take ramawa. Dandalin yana da ƙa'ida a kan wanda ya yi gyara mai yawa a lokaci ɗaya, kuma ƙa'idar ba ta san tsufa ba. Aka dakatar da asusunta na wasu makonni. Sannan ɗaya daga cikin masu kula ya danna maɓallin da ke mayar da duk gyaran mutum yadda yake a da.

Duka suka goge. Har da layin manyan haruffan nan.

Ta kira ni daga ɗaki, muryarta ba yadda na saba ji ba. “Zo ka duba mini. Ko idona ne?”

Na duba. Amsar ƙaramin fayil tana nan a sama da makinta, da godiyar mutane jere a ƙasa, babu alama, babu gargaɗi. Na ce mata ba idonta ba ne.

Ta ce, “To ka yi wani abu. Wani zai goge fayil ɗinsa.”

Na buɗe asusu da sunana a ranar. Sai na tarar sabon shiga ba ya iya yin sharhi a ƙarƙashin amsar wani sai ya tara maki. Gyara kuwa sai dai ya ba da shawara, wasu su duba su amince. Na ba da shawarar a mayar da layin. Aka ƙi, aka rubuta mini cewa wannan gyaran an riga an soke shi, kuma da alama wadda aka dakatar ce ta dawo da wani suna. Na sake, aka sake ƙi. Na rubuta wa Mai Tsintsiya saƙo na musamman, na yi masa bayani tiryan-tiryan kamar yadda nake rubuta takardar ofis. Shiru. Daga baya muka ji yana asibiti a lokacin, matarsa ta haihu da wahala.

Kullum in na dawo aiki, kafin in cire takalmi, Yaya za ta ce, “An amsa?” In ce ba a amsa ba. Ta ce, “Duba ƙarƙashin amsar.” In duba in ce babu sabon abu. A kwanakin nan ne karatu ya gagare ta gaba ɗaya. Tana ganin hasken kwamfutar da inuwar mutum, amma haruffa sun zama hayaƙi. Ni na zama idonta.

Wata rana da yamma na buɗe na ga sabon sharhi. Na fara karantawa a zuci, na wuce shi, na ce mata, “Babu komai, sai masu godiyar nan na da.”

Ta ce, “Auta, muryarka ta canza. Koma baya.”

“Wani ne kawai yake surutu.”

“Na yi maka wanka kana jariri. Karanta.”

Na karanta. Mai rajistar wata ƙaramar makaranta ne. An ɗauke musu wuta yana shigar da sakamakon jarrabawa, fayil ya ƙi buɗewa, ya nemi magani a dandalin, ya ga amsar da ta fi kowace maki, ya bi ta kamar yadda aka rubuta. Siga ta bakwai ce a gabansa. Sakamakon yara na zango guda ya kulle, iyaye suna zuwa karɓa, shugaban makaranta ya ce ya san inda zai nemo shi ko ya san inda zai nufa. A ƙarshe ya rubuta cewa wanda bai san abu ba ya daina koyar da mutane, kuma ya bar mai wannan amsar da Allah.

Yaya ta cire tabarau ta ajiye a kan teburin, ta lalubi gefensa don kada ya faɗi. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, “Da ya zo wurina da na tambaye shi.” Can kuma ta ce, “Bai yi laifi ba. An ce masa wannan ce ta sama.”

Matata ta shigo da shayi ta ce, “Yaya, ke fa kin rubuta gargaɗin, su suka goge.”

Ta ce, “Sunan wa ke jikin amsar?”

Ba ta sha shayin ba.

Bayan kwana biyu Mai Tsintsiya ya ga saƙona. Bai tsaya rubutu ba, ya nemi lamba ya kira. Na sa wayar a kan teburin yadda za ta ji. Muryarsa ta yaro ce fiye da yadda na zata, kuma ana jin kukan jariri a bayansa.

Ya ce, “Mama, ki yi haƙuri. Na mayar da layin da hannuna, na cire dakatarwar. Wallahi ban gani ba sai yau.”

Ta ce, “Ya mai jiki? Ya jaririn?”

“Da sauƙi, Mama. Mace ce.”

“Allah ya raya. To ɗana, alamomin fa?”

Ya ce ba za su dawo ba. Ba ƙuri'ar kaɗai ba ce: lokacin da aka narkar da su, sabuwar alamar ta hau kan tsofaffin ne, ba a ajiye kwafin wace tambaya ke ɗauke da wace ba. Ya ce, “Mama, da kin yi mini magana kafin ki fara gyaran, da na ce ki riƙa yin kaɗan-kaɗan.”

Ta ce, “Kai ma da ka tambaye ni kafin a goge gaba ɗaya, da na ce a bar mini guda ɗaya.”

Ya ce, “Haka ne.”

“Haka ne. Ni na yi gaggawa, ku kun yi shara da ido rufe. Yanzu sai a san abin yi.”

Suka daidaita a kan ta riƙa gyara 'yan kaɗan kowace rana, yadda shafin farko ba zai cika ba. Kafin mu fara, ta sa na rubuta wa mai rajistar nan. Ba ta kare kanta ba. Ta ba shi haƙuri, ta tambaye shi ko akwai kwafin da aka taɓa ɗauka a wani wuri, ta faɗa masa inda siga ta bakwai takan ɓoye nata in an yi sa'a. Ya dawo da amsa cewa kwafin da ya samu na zangon baya ne, sauran yana sake shigar da su da hannu daga takardun malamai. Ta sa na tambaye shi ko aikinsa ya tsira. Wannan bai amsa ba, har yau.

Daga nan muka shiga aikin da ya zama na ƙarshe a rayuwarta. In na dawo daga ofis, in ci abinci, in jawo kujerar roba kusa da tata. Ita ce a kujerar ofis ko da yake ni ke riƙe da linzamin kwamfutar. In karanta tambaya, in karanta amsarta, ita kuma ta yanke hukunci. Ranar da aka rubuta amsa ba ta taimaka, domin a shekara ɗaya takan amsa wa mai ta huɗu da mai ta biyar da mai ta shida. Kalmomin ma sau da yawa iri ɗaya ne. Da wani abu dabam take ganewa.

“Tsaya. Wannan mai cewa injin wuta ya ƙone masa firinta? Na tuna shi. Lokacin rufin ofishinmu yana yoyo, na sa bokiti kusa da ƙafata ina amsa masa. Ta huɗu ce. Rubuta.”

Ko ta ce, “Wannan yarinyar ɗakin shan magani ce, mai yawan cewa don Allah don Annabi. Sabuwar kwamfuta aka ba su kyauta. Ta shida.”

Wani lokaci in karanta ta ce, “Wannan ta kowa ce, wuce.” Da muka yi nisa sai na lura wuce ɗin ya fi yawa. Ita ma ta lura. Ta yi murmushi ta ce, “Ka ga yaron nan da gaskiyarsa. Yawancinsu na kowa ne.” Sannan ta ce, “Sai dai wadda ba ta kowa ba, ba ta zuwa da ƙararrawa a wuya.”

Akwai ranakun dariya. Na taɓa karanta wata amsa mai tsawo, ta ce, “Wane mai surutu ne ya rubuta wannan?” Na ce ita ce. Ta ce, “To a lokacin ina da haƙora.” Matata takan tsaya a bakin ƙofa ta ce ofis ya tashi, ma'aikata su zo su ci abinci, in ba haka ba za ta kai ƙara wurin shugaba. Yaya ta ce, “Ni ce shugaba, an ƙi ƙarar.”

Amma jikin yana ta raguwa. Ƙafafunta suka kumbura, likita ya ce ƙoda ta shiga cikin maganar. Zaman kujera ya gagara, sai ta kwanta a gado ni ina teburin ina ɗaga murya. Wasu ranakun amsa ɗaya muke yi ta yi barci. Na ce mu bari sai ta ji sauƙi. Ta ce, “Sauƙin nan ka gan shi a hanya ne? Karanta.”

Tambaya ta ƙarshe da na karanta mata ta wani mai shagon kayan gini ce, yana tambayar yadda zai share tsofaffin bayanai ba tare da ya taɓa na bana ba. Amsar tata ta ce ya shiga wuri kaza, ya zaɓi kaza, ya danna share. Na ce, “Wace siga?”

Ta lumshe ido, har na zaci barci ne. Sai ta ce, “Sake karanta sunan.” Na sake. Ta ce, “Ko ta huɗu ko ta biyar. A ɗayarsu yana tambayarka kafin ya share, a ɗayar ba ya tambaya.” Ta juya fuskarta wajen taga, inda take ganin haske. “Kada ka rubuta komai. Bari in tuna zuwa gobe.”

Washegari muka kai ta asibiti. Ba ta dawo ɗakin ba.

Bayan an share makoki na rubuta wa Mai Tsintsiya na sanar da shi. Ya sa sanarwa a dandalin, mutane suka yi ta addu'a, har da wanda ya yi maganar gidan tarihi. Ya ce in ina so in ci gaba da gyaran, zai ba ni dama. Na zauna a kujerarta na buɗe amsar da ta ba mai shagon kayan gini, na karanta ta sau da yawa. Abin da ya rage bai kai wanda muka yi yawa ba, amma ba kaɗan ba ne, kuma a cikinsa akwai masu cewa goge, share, sauya. Matata ta ce, “Kai da ka zauna da ita duk wannan lokacin, ai ka iya hasashe.” Na ce aikina ajiye fayil ne, na san abin da ke faruwa in aka liƙa wa fayil kwalin da ba nasa ba. Gara a bar shi babu kwali, mai nema ya san bai sani ba.

Abin da na roƙa ɗaya ne. Na ce a sa layi guda a saman duk amsoshin da ba mu kai gare su ba, a lokaci ɗaya, ta hanyar da ba za ta tayar da su shafin farko ba. Ni na rubuta layin: “Mai wannan amsar ta rasu kafin ta faɗi sigar da take nufi. Kada ka goge komai sai ka tambaya.” Mai Tsintsiya ya kira ni kafin ya sa. Ya ce, “Baba, ka san in mutane suka ga wannan za su daina yarda da amsoshin. Za su yi ƙasa.” Na ce na sani, kuma na san abin da za ta zaɓa.

Haka kuwa aka yi. Sababbin zuwa ba su san Tafireta ba. Suna ganin gargaɗin sai su danna kibiyar ƙasa su wuce, wasu ma ba sa karanta abin da ke ƙarƙashinsa. Amsoshin da ta rubuta da bokiti kusa da ƙafarta suna nutsewa a hankali, har da waɗanda na tabbata na kowa ne. Sunanta ya sauka daga jerin manyan masu amsa. Amma tun daga ranar babu wanda ya sake zuwa ya ce ya bi maganar Yaya ya yi asara. Nakan duba.

Ɗakin yana nan yadda yake, sai dai kwalin ƙafar teburin da na canza don tsohon ya lotse. Na ɗan tara maki a dandalin da amsa ƙananan tambayoyi irin na gyaran suna, yanzu ina iya yin sharhi. A makon jiya wani ya shigo a rikice, ya ce an ɗauke wuta, fayil ɗinsa ya ƙi buɗewa, a taimaka masa da gaggawa. Mutum biyu sun riga sun ba shi amsa, kowa da tasa, babu wanda ya tambaye shi komai. Ni ban san maganin matsalarsa ba. Na rubuta masa, “Sannu da haƙuri. Wace siga ce a gabanka?”

Ina ta dubawa, bai dawo ba tukuna.